Zafin da janareta ke zubarwa: da gaske ne zai iya rage mana hayaƙi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga injiniyoyin gidan nan. Ina aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Muna da babban janareta mai shan dizal wanda ke juya injinan casa idan an ɗauke wuta. A can bayan kamfanin kuma akwai tukunyar tururi ta turara shinkafa, ita da itace da ɓuntu muke hura ta. Wani da ya zo mana gyara ya tsaya kusa da salansar janaretan ya ce muna ƙona kuɗi sau biyu, muna tayar da hayaƙi sau biyu, wai akwai tsarin da inji ɗaya zai ba ka lantarki ya kuma ba ka zafi, ana ce masa CHP, kuma yana rage gurɓatar iska. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, injin dai man nan zai ƙona ko an ɗebi zafinsa ko ba a ɗiba ba. To ta ina hayaƙin zai ragu?

Injiniyan Kakuri: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Tambayar taka ta faɗo daidai inda gizo ke saƙar. Gaskiya ne, hayaƙin da ke fita daga salansar janaretanku ba zai ragu ba don an ɗebi zafinsa. Ragin yana zuwa ne daga wutar da ba za ku hura a bayan kamfani ba.

Bari in buɗe maganar. Duk litar dizal da injin ya sha, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ne kawai, ko ɗan sama da haka, ke zama lantarki. Sauran zafi ne. Wani kaso yana bin salansa ya fita a matsayin hayaƙi mai zafin digiri 400 zuwa 500, wani kuma ruwan injin ne ke kwashe shi ya kai lagireto, fanka ta watsar da shi a iska. Shi ya sa ɗakin janareta ba ya zaunuwa. Manyan tashoshin lantarki masu ƙona kwal ma haka suke, kusan kashi biyu cikin uku na makamashin a banza yake tafiya.

Tsarin wuta-da-zafi, wato CHP ɗin, yana tare zafin nan ne kafin ya gudu. Ana bi da hayaƙin ta cikin wata tukunya mai bututai, ruwa na kewaye da bututan, hayaƙin bai taɓa ruwan ba amma ya tafasa shi. Ruwan injin ma maimakon lagireto sai ya miƙa zafinsa ga wani ruwan daban. Kamar uwargida ce da ta sauke tuwo, maimakon ta hura sabuwar wuta don ruwan wanka sai ta ɗora shi a kan garwashin da ya rage.

Ga lissafi na misali. A ce kana buƙatar awo 35 na lantarki da awo 45 na zafi. In ka raba su, janareta zai ci awo 100 na mai ya ba ka 35 ɗin, tukunya mai kyau kuma za ta ci kamar 56 ta ba ka 45. Jimla 156. In tsarin haɗe ne, awo 100 ɗin nan na farko shi zai ba ka duka biyun. Awo 56 da ba a ƙona ba, hayaƙinsu ne bai shiga hancin kowa ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana cewa irin wannan tsari kan ci moriyar kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na man da aka ƙona, alhali in an raba su kusan rabi ne.

Ɗan Kura: Injiniya na ji bayaninka, amma ni ban gamsu ba. Wannan ai abin ƙasashen sanyi ne. Mu da a watan Afrilu mutum ke kwana a waje saboda zafi, me za mu yi da ƙarin zafi? Duk abin da Bature ya ƙirƙiro don ƙanƙararsa ba dole ne ya karɓe mu ba.

Bakano a Kofanhegan: Ɗan Kura, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni da nake zaune a ƙasar Denmak zan fi kowa shaida ta. A nan ɗumama gida ba jin daɗi ba ne, rayuwa ce. Kafin 1973 yawancin gidaje kowa da tukunyarsa mai ƙona mai a ƙarƙashin bene, kowa da bututun hayaƙinsa, kuma kusan duk makamashin ƙasar man da ake shigowa da shi ne. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a shekarar, sai da aka kai ga hana tuƙa mota ranar Lahadi. Daga nan suka zauna suka yi wa kansu faɗa. A 1979 suka yi dokar samar da zafi, aka umarci ƙananan hukumomi su tsara inda za a shimfiɗa bututan ruwan zafi daga tashoshin lantarki zuwa gidaje.

Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar a kan wannan bututu suke, a Kofanhegan kuwa kusan kowane gida. A ɗakin da nake babu murhun ɗumama, babu tukunya. Bututu biyu ne suka shigo ta ƙasa, ɗaya ya kawo ruwan zafi, ɗaya ya mayar da shi tasha bayan ya huce. Abin da ya fi burge ni ba ma tsimin man ba ne. Dubban ƙananan bututan hayaƙi da ke daidai tagogin mutane, waɗanda babu mai sa musu matata, an mayar da su 'yan ƙalilan masu tsawo, kowanne da na'urar tace ƙura da salfa, wato sinadarin farar wuta, da ma'aikata masu auna abin da ke fita dare da rana. Gida ɗaya ba zai iya sayen irin wannan matata ba, tasha kuwa za ta iya.

Ɗan Kura: To ai ka tabbatar da maganata ke nan. Su suna da gidajen ɗumamawa, mu babu.

Injiniyan Kakuri: Gidaje babu, amma masana'antu fa? Ka zagaya Sharaɗa da Challawa da Bompai ka ga. Majema tana son ruwan zafi. Masaƙa tana son tururi don rini da busar da yadi. Mai matsar man gyaɗa da waken suya yana son tururi, haka mai sabulu, haka mai lemon kwalba. Zamanin da masaƙun Kaduna ke raye, baƙin mai ake ƙonawa a tukwanen tururi, wanda ya zauna Kakuri a lokacin ya san warinsa. Baƙin mai cike yake da salfa. Kamfani irin wannan shi ya fi gidan Bature dacewa da tsarin, domin Bature sanyinsa na wata biyar ko shida ne, shi kuwa kamfani tururi yake so rani da damina.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tashar lantarki da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl na birnin New York a 1882 ita ake ambato a matsayin ta farko da ta haɗa biyun, tana ba da wuta tana kuma tura tururi ga gine-ginen da ke maƙwabtaka.

Maman Walida: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba injiniya ba, amma ku ba ni dama in sa baki, don mu muke ganin ƙarshen hayaƙin nan. Wanda ya fi cutarwa ba baƙin da ido ke gani ba ne kaɗai. Akwai ƙura mai laushi ƙwarai da ake kira PM2.5, ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, hanci ba ya tare ta, tana wucewa can ƙasan huhu har ta shiga jini. Ita ke tayar da asma, ita ke taimaka wa ciwon huhu a jikin yara, tana kuma da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan miliyan 7 ne gurɓatacciyar iska ke ajalinsu duk shekara, idan an haɗa ta waje da ta cikin gida. Binciken Bankin Duniya a kan Legas kaɗai ya ƙiyasta mutum fiye da 11,000 a 2018, kuma ƙananan yara ne suka fi yawa a ciki.

A asibitin da nake, janareta na ruri a bayan ɗakin haihuwa, mu kuma muna kunna hita muna dafa ruwa da wutar da shi janaretan ya bayar. A wajen wanki ana hura itace don tafasa zannuwan gado. Idan na fahimci Injiniya, wannan zafin da ke dukan bangonmu zai iya yin aikin nan duka. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Injiniyan Kakuri: Haka ne Hajiya. Asibiti yana cikin wuraren da aka fi kafa tsarin a duniya, saboda ba ya barci: wanki, kicin, tsabtace kayan tiyata, ruwan wanka, duk zafi ne.

Malamin Kimiyya: Ina bin muhawarar tun ɗazu, kuma ina tsoron kada mu yi wa abin nan kwalliyar da ta wuce ƙima. Akwai inda ake gudu ba a tsira ba.

Na farko, wurin da hayaƙin ke fita. Babbar tashar lantarki yawanci tana bayan gari. Shi kuwa zafi ba ya tafiya mai nisa kamar lantarki, dole injin ya zo kusa da mai buƙata. Wato ka ɗauko ƙonawa daga daji ka kawo ta tsakiyar unguwa. Injin da ke ƙona iskar gas ba ya ƙura sosai, ba ya salfa, amma yana fitar da naitirojin oksayid, iskar da ke fusata huhu. A lissafin ƙasa baki ɗaya hayaƙi ya ragu, amma mai gidan da ke kallon bututun nasa ya ƙaru. A Landan an yi ta wannan ƙorafi a kan ƙananan injinan da aka saka a gine-gine, har aka tsaurara musu ƙa'ida. Maganin akwai, ana fesa ruwan yuriya cikin hayaƙin a bi da shi ta wata matata, amma kuɗi ne, kuma sai da kula.

Na biyu, abin da ake ƙonawa. Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, tashoshin wuta-da-zafi ne ke ɗumama benayensa tun zamanin Tarayyar Sobiyet, da kwal suke aiki, amma a lokacin sanyi yana cikin biranen da iskarsu ta fi muni a duniya.

Bakano a Kofanhegan: Malam, misalin Ulan Bato ai takobi ne mai kaifi biyu. Mafi yawan hayaƙin birnin daga unguwannin bayan gari yake fitowa, inda bututun bai kai ba, kowane gida na ƙona ɗanyen kwal a murhunsa. Shi ya sa gwamnatinsu ta hana ƙona ɗanyen kwal a gidaje a 2019. Inda bututun ya kai, murhun ya mutu.

Landan ɗin ma da ka ambata tana da tarihi a kan haka. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin kwana biyar, aka fara ƙirga mutum 4,000 da suka mutu, daga baya bincike ya kai adadin wajen 12,000. Murhun gidaje ne babban mai laifi. Tun kafin nan, a 1950, an fara janyo ruwan zafi daga tashar lantarki ta Battersea ta ƙarƙashin kogin Thames zuwa sababbin gidajen unguwar Pimlico, don kada mazauna su hura kwal a ɗakunansu.

Malamin Kimiyya: Ban musa ba. Amma Battersea ɗin kwal take ƙonawa, Denmak ɗinku ma da ta bar mai kwal ta fara komawa, sai daga baya ta juya ga ƙaiƙayin alkama da itace da shara. Helsinki ta Finlan ta yi suna da wannan tsari, amma sai da ta rufe tashoshinta na kwal, ɗaya a 2023, ɗaya a 2025. Abin da nake so mu riƙe shi ne tsarin yana rage yawan abin da ka ƙona, ba ya canza halin abin. Kwal kwal ne. Beijin, babban birnin Sin, ta ga sauƙi ne da ta haɗa biyun: ta rufe manyan tashoshinta na kwal, na ƙarshe a 2017, ta maye gurbinsu da cibiyoyi huɗu na wuta-da-zafi masu iskar gas. Ƙurar PM2.5 a birnin ta sauko daga kusan 89 a 2013 zuwa 33 a 2021 a ma'aunin da ake amfani da shi. Ba wannan kaɗai ya jawo ba, sun kori masana'antu masu hayaƙi, sun hana tsofaffin motoci, sun raba ƙauyuka da murhun kwal. Kuma ko 33 ɗin ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so, wato 5, sau shida da ɗoriya.

Ɗan Kura: Yauwa Malam. Ni har yanzu ina nan a kan bakana game da gidaje da ofisoshi. Sanyi muke nema.

Injiniyan Kakuri: Ɗan Kura, ka taɓa ganin firij mai kananzir? Irin wanda ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye da can. A ƙasansa lagwani ne ke ci da wuta, a samansa ruwa na daskarewa. Babu kwamfireso, zafi ne ke tafasa wani ruwan sinadari, ya zama tururi, ya huce, ya sake tsotsar zafi daga cikin firij ɗin. Akwai manyan irinsa da ake yi wa otal da asibiti da filin jirgi, maimakon lagwani sai a ba su ruwan zafi ko hayaƙin injin. Ka ga zafin da ake zubarwa ya koma sanyin ɗaki. Esi kuwa shi ne ya fi cin wutar babban gini a ƙasarmu, in ka sauke masa wannan nauyi janaretan da kake buƙata ya ƙanƙance, dizal ɗin da za a ƙona ya ragu. Ka yi tunanin ɗakin sanyaya tumatir ko nama ko madara da ke aiki da zafin da a yanzu tsuntsaye kawai ke sha.

A gidan mutum ɗaya mai ƙaramin janareta, a nan na ba ka gaskiya, ba zai biya ba. Sola ta fi masa.

Ɗan Kosti: Gaisuwa daga Sudan, 'yan uwa. Ku duba kamfanonin sukari, su sun daɗe a kan wannan. Kamfanin Kenana da ke yankinmu na Farin Nilu, tuƙar raken da aka matse ita yake ƙonawa a tukwane. Tururin ya fara juya injin lantarki, in ya fito da sauran zafinsa sai a kai shi dafa ruwan rake har ya zama sukari. Tururi ɗaya, aiki biyu. A tsibirin Moris har sayar wa ƙasa wutar suke yi, haka Birazil da Indiya. Masu mazarƙwaila a gida ma ai da busasshiyar tuƙa suke dafa ruwan rake, saura kawai a sa injin a tsakani.

Mai Walda: Ni fa na ga abin ba wuya. Baban Ummi, ka kawo min aikin. In naɗe bututun tagulla a jikin salansar, in sa tanki a sama, shi ke nan ruwan zafi ya samu.

Maman Walida: Don Allah Malam a yi hattara. Mun sha karɓar iyali guda an kwaso su daga ɗaki saboda hayaƙin janareta, wasu ba sa farfaɗowa. Iskar kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai ji. Duk abin da zai sa a taɓa salansa ko a matso da inji kusa da inda mutane ke aiki, ina jin tsoronsa.

Injiniyan Kakuri: Maganar Hajiya abar ɗauka ce. Mai Walda, naɗa bututu ta waje zai ba da ruwan ɗumi kaɗan, ba tururin turara shinkafa ba. In kuma ka shiga cikin hanyar hayaƙin ka matse ta, injin zai shaƙe, ya ƙara shan mai, ya ƙara baƙin hayaƙi, ka ga an koma gidan jiya. Idan hayaƙin ya huce fiye da ƙima kuma, salfar da ke cikin dizal tana haɗuwa da raɓa ta zama asid ta cinye ƙarfen. Ga tanki rufaffe da ke tafasa babu bawul ɗin sakin iska, wannan bam ne. Hannunka ana buƙatarsa a aikin, amma sai an yi lissafi tukuna.

Baban Ummi, ga yadda nake ganin naku. Turara shinkafa mataki biyu ne: jiƙo a ruwan zafi na digiri 60 zuwa 70, sannan tururi, sai busarwa. Ruwan da ke sanyaya injinku yana fita da zafin digiri 80 zuwa 90, wato ya yi daidai da jiƙon kamar an auna. Wannan shi ne mafi sauƙi da arha. Matsalarku ita ce lokaci: janaretan sai an ɗauke wuta yake tashi, tukunya kuwa tana da nata jadawalin. In ba su haɗu ba, sai an yi babban tanki mai rufin hana hucewa a tara ruwan.

Amma da ni ne mai kamfanin, ta ɗaya gefen zan ɓullo. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Manyan kamfanonin shinkafa a Indiya da Tailan suna ƙona shi a tukunya mai ƙarfin matsi, tururin ya juya injin lantarki, ragowarsa ya tafi turarawa da busarwa, daidai yadda ɗan'uwanmu na Sudan ya faɗa a kan rake. A nan dizal ne zai ragu, itace ya fita gaba ɗaya, tulin ɓuntun da ake cinna wa wuta a fili ya yi ta cin kansa kwana da kwanaki shi ma ya ƙare.

Malamin Kimiyya: Da sharaɗi, Injiniya. Ɓuntu toka gare shi mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma mai kaifi ce saboda sinadarin yashi da ke cikinta. In babu matatar kama toka a bututun, unguwar za ta wayi gari da ita a kan shanya da cikin randa. Kuma na san halinmu, matatar ita ce abu na farko da ake cirewa daga lissafi in kuɗi sun yi kaɗan, ita ce kuma ba a gyarawa in ta lalace, tunda injin na ci gaba da aiki ba tare da ita ba. Ko bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, in masana'antu suka samu gas ɗin suka saka injinan wuta-da-zafi, sai an tilasta musu matatar naitirojin oksayid, in ba haka ba mazauna kusa da Sharaɗa ne za su biya.

Ɗan Kura: A kan kamfanin shinkafa da asibiti na yarda. A kan cewa za a kula da matata shekara biyar ba tare da mai sa ido ba, wannan sai na gani.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, me zan tara maka kafin in tunkari mai kamfanin? Mutum ne da ba ya sauraron magana sai da lissafi.

Injiniyan Kakuri: Ka samo girman janaretan daga farantin da ke jikinsa, da litar dizal da yake sha a wata, da awannin da yake aiki a rana da kuma waɗanne awanni ne. A ɓangaren tukunya, buhu nawa ake turarawa a rana, lita nawa ta ruwa ake jiƙo da ita, motar itace nawa ake saye a wata, ɓuntu nawa ke saura bayan an hura. Ka kuma duba min tsawon bututun hayaƙin tukunyar da nisan gidan da ya fi kusa da shi, da ɓangaren da iska ta fi kaɗawa lokacin hunturu. Ka sako su nan cikin gida, ni da Malam mu yi lissafin a gaban kowa.